Malama Ta Ce A Kulle

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Labarin rasuwar Injiniya Nuhu ya same ni ranar Juma'a da hantsi, a mako na biyu na gasar cin kofin duniya, ina tsaye a tagar falona a unguwar Al-Sadd ta birnin Doha ina kallon wasu baƙi da suka cika titi da tutocin ƙasarsu suna kaɗa ganga. Wayata ta yi ƙara, na ga sunansa, na ɗauka da niyyar yi masa faɗa don tun Talata bai neme ni ba. Muryar da na ji ba tasa ba ce. Bitrus ne, abokin hawan kekensa, wani mai gyaran na'urorin asibiti ɗan Filato. Ya ce da ni, “Mama, ki zauna tukuna.” Na ce masa ban saba karɓar labari a zaune ba, ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya faɗa. Nuhu ya faɗo daga kan kekensa yana gangarowa daga wani tudun duwatsu a yammacin ƙasar nan, wuyansa ya karye, kuma kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Sai na zauna.

An yi sadakar arba'in, abokan aikinsa sun rubuta nasu bayanin tunawa da shi, 'yan ƙungiyarmu ta mazauna Doha sun rubuta nasu, ni kaɗai na yi shiru, alhali ni ce na fi kowa daɗewa da saninsa a garin nan. Waɗanda suka ɗauka girman kai ne ya hana ni, ban ga laifinsu ba, domin an san ni da shi. Amma dalilin ba shi ne ba. Ina ɗauke da wata magana wadda haƙƙin matarsa Rakiya ne ta ji ta kafin kowa: ina da hujjar zaton cewa shawarata tana da hannu a mutuwarsa, kuma na ɓoye alamar hakan da babban yatsana a cikin gidansa, ana tsakiyar zaman makoki. Zan zo kan wannan. Ya kamata a fara sanin wane ne Nuhu, domin sai an san shi za a gane yadda magana ɗaya daga bakina ta isa ta yi abin da nake tsoron ta yi.

Na koyar da shi ilmin motsin inji a wata kwalejin fasaha a Kaduna, fiye da shekara talatin da suka wuce, lokacin ni kaɗai ce mace a sashen. Ya zo daga wani ƙauye da ke gindin duwatsun ƙasar Bauci, dogo, siriri, mai riga ɗaya da yake wankewa kowace yamma. A jarrabawar shekara ta biyu ya warware wata tambaya ta hanyar da ban koyar ba, ya kuma samu amsar daidai. Na ja masa jan layi tun daga sama har ƙasa, na rubuta cewa ba a aji na ya koyi wannan ba. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya rusuna, ya fita. Washegari ya dawo da ita ya sake yin aikin gaba ɗaya ta hanyata, ba don in ƙara masa maki ba, domin kowa ya san ban taɓa canja makin da na bayar ba, sai don kawai in ga ya ji. Bayan shekaru masu yawa, a nan Doha, na tuna masa, na ce ai hanyarsa ma daidai ce, har ta fi tawa gajarta. Ya yi murmushi ya ce ya sani tun ranar. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce, “Malama, ba a kai ni makaranta don in kayar da ke ba.” Na yi dariya a lokacin. Da na san abin da nake ji, da ban yi ba.

Mun sake haɗuwa ne a kasuwar Souq Waqif, shekara biyu bayan na karɓi aikin koyarwa a nan. Ina cinikin citta da kanumfari, sai wani mutum mai furfura a gemu ya durƙusa a gabana a tsakiyar layin, har masu tura kaya a baro suka riƙa kauce masa suna yi masa yalla, yalla. Ban gane shi ba sai da ya ce, “Malama, Nuhu ne, na layi na biyu.” A lokacin babban injiniya ne, mutane da dama suna aiki a ƙarƙashinsa. Ya miƙa hannu zai karɓi jakata, na hana, na ce hannun da ya ɗauko ta daga gida shi zai mayar da ita. Bai sake neman karɓa ba, amma ya bi ni har bakin tasi, taku ɗaya a bayana, kamar yadda ya riƙa yi har ƙarshen rayuwarsa.

Ni mace ce da ba ta son a yi mata. Maigidana ya rasu tun ina da ƙuruciyata, na riƙe kaina, na riƙe aikina, ban zauna a ƙarƙashin kowa ba. Da annoba ta zo aka rufe gari, aka ce masu shekaru irin nawa su zauna a gida, 'yan uwa da yawa sun kira suna tambayar abin da nake bukata, kowa na ba shi amsa ɗaya, cewa ba na bukatar komai. Nuhu bai tambaya ba. Ranar Juma'a da safe sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, na ga leda rataye a mariƙin ƙofar, da tumatir da attarugu da kifi daga bakin teku, shi kuwa yana tsaye can kan matakala da takunkumi a fuska. Kafin in buɗe baki ya ce, “Ban zo ba, Malama. Wucewa nake yi.” Gidansa yana Al Wakrah, can wajen birni, ni ina Al-Sadd, kuma babu inda mutum zai nufa daga can da hanya za ta biyo da shi ta hawa na uku na benenmu. Ya san na sani. Ya ba ni wannan ƙaryar ce don in samu abin riƙewa, kuma na riƙe ta shekara biyu da rabi.

Akwai wasu Juma'o'i uku da ledar ta zo amma ban ji ƙwanƙwasa ba. Na lura tumatirin ba zaɓin Nuhu ba ne, domin shi ba ya ɗaukar wanda ya fara laushi. Na kira shi bai ɗauka ba, na kira Rakiya ta ce aiki ne ya yi masa yawa. Sai daga baya na ji gaskiya: yana kwance a asibiti da bututun iska a hanci, cutar ta kama shi sosai, kuma daga kan gadon ya aika wa Bitrus da kwatancen gidana, ya kuma hana matarsa gaya mini, don ya san in na ji zan fito. Da ya warke na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce a yi haƙuri da tumatirin Bitrus, mutumin Filato ne, dankali ya sani.

Wannan ciwo shi ya kawo keken. Huhunsa ya yi rauni, likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa motsa jiki da shi, sai ya sayi keken hawan dutse, kuma bai sayi ƙarami ba. Wani jibgegen abu ne mai tayoyi kamar na babur, da shokazoba gaba da baya, dogaye, waɗanda in an danna sukan lotsa kusan taƙi guda. Irinsa ake yi wa masu gangarowa daga manyan duwatsu a guje, inda taya za ta daki dutse keken ya shanye dukan, mahayi bai ji ba. Da wannan ya koma kawo mini cefane, ya bar mota. Ina hango shi daga taga yana tahowa a kan titi mai santsi kamar faranti, duk taka feda ɗaya keken ya sunkuya ya miƙe, ya sunkuya ya miƙe. Na yi shekara arba'in ina koya wa mutane inda ƙarfi yake tafiya in ya shiga inji, kuma ga ɗalibina a gabana yana zubar da nasa a cikin sifirin. Ban iya yin shiru ba.

Haka muhawarar ta fara, ni a bakin ƙofa, shi a kan matakala. Na ce masa wannan keke bai dace da hawan yau da kullum ba, ya yi nauyi, kuma wani kaso na ƙarfin da yake sa wa feda lotsa shokazoba yake yi maimakon tura taya. Na ce a ƙasar da tudunta mafi tsayi da yake hawa kullum gadar sama ce, sayen irin wannan keke almubazzaranci ne da gumi. Na zana masa a takarda, da kibiyoyi, na tura masa ta ƙasa da ƙafata don kada mu matso kusa. Ya ɗauka ya duba da kyau, ya ce lissafin ba shi da aibi. Sannan ya ce ba don Doha kaɗai ya saya ba, in ya ajiye aiki zai tafi da shi gida, ya hau duwatsun da ya yi kiwon awaki a kansu, kuma ko yanzu duk Juma'ar da ya samu sarari sukan ɗora kekuna a mota shi da Bitrus su tafi yamma, inda akwai tuddai na farin dutse masu gajeren hawa da muguwar gangara. Ya ƙara da wata magana da na ɗauka gardama ce kawai. Ya ce, “A hawa, Malama, gumi kaɗai nake asara. A gangara kuwa wuyana ne a hannun keken.” Na ce masa wannan ba lissafi ba ne, waƙa ce.

Na sa ya kawo mini littafin da aka haɗo da keken, na karanta shi tun daga bango har bango. A ciki na ga akwai wani ɗan makulli shuɗi a jikin shokazoba na baya, wanda in an murɗa shi sai shokazoban ya sandare, ya daina lotsawa, keken ya zama kamar sauran kekuna. Na ji daɗi kamar na kama ɗalibi da amsa a aljihu. Juma'ar da ta biyo na ce masa ga magani: in zai hau tudu ya kulle, in ya kai sama ya buɗe. Ya ce ya san da makullin, da gangan ba ya taɓa shi, domin shi mutum ne mai mantuwa, kuma tun bayan ciwon mantuwar ta ƙaru. Ya fi son ya hau a hankali da ya kai sama ya manta. Na ce masa injiniyan da ake damƙa wa na'urorin sanyaya filin wasa guda ba zai tsaya a gabana ya ce ba zai iya tuna makulli ɗaya ba. Sannan ya rusuna yadda ya rusuna a Kaduna ya ce, “To, Malama.”

Bayan makonni ya zo mini da sakamako a rubuce, lokacin da yake ɗauka ya hau wani tudu a buɗe da lokacin da yake ɗauka a kulle. A kulle ya fi sauri. Na manna takardar a jikin firijina. Tana nan har yanzu, na kasa cire ta, na kasa kallonta.

Ba ni kaɗai ya yi wa irin wannan hali ba, kuma bai kamata laifina ya rufe alherinsa ba. A wurin aiki, in zafi ya tsananta, yakan sauko daga ofis ya zauna da lebura a inuwa har sai kowa ya sha ruwa a gabansa, domin ya ce in ya aiko da umarni za a ce an sha, in ya zauna kuwa za a sha. Duk baƙon da ya iso daga gida, Musulmi ko Kirista, in kafil, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamansa, ya riƙe masa takarda ko ya rasa wurin kwana, gidan Nuhu ake kwatanta masa, har Rakiya takan ce tukunyarta ba ta san adadin mutanen gidan ba. Da gasar kofin duniya ta zo aka ba shi tikitocin shiga filin da ya yi shekaru yana aiki a cikinsa, ya raba wa direbobi da masu shara. Na tambaye shi ko ba ya son ya ga abin da ya gina cike da mutane. Ya ce, “Na gan shi tun yana rami, Malama, ya ishe ni. Su ne ba su taɓa zama a kujerarsa ba.” Shi ya sa ranar da duniya ta nufi filin wasa, shi ya nufi daji da kekensa.

An yi jana'izarsa a nan, an kai shi inda ake kai baƙi irinmu. A rana ta uku ina gidan a Al Wakrah tare da mata, sai Bitrus ya dawo da keken ya jingine shi a lungun da ke tsakanin falo da kicin, da ƙurarsa da komai. Rakiya ta taso daga kan tabarma ta kama hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Mama, ke ce kika san inji. Ki duba mini shi. Ina so in sani ko shi ne ya ci amanarsa.” Na tafi ni kaɗai. Na matsa birki, yana kamawa. Na duba tayoyi, na duba ƙarfen jiki, ban ga tsaga ba. Na dafa sirdi na danna da duk nauyina, bai lotsa ba. Na sunkuya. Makullin yana kulle.

Ban yi tunani ba, kuma wannan ba uzuri ba ne. Babban yatsana ya murɗa shi, na ji ɗan ƙaransa, na sake danna sirdin ya lotsa a hankali kamar ba abin da ya faru. Na koma falo na ce wa matar da ta amince da ni keken lafiya yake, ba abin da ya karye. Kowace kalma gaskiya ce. Ta ce alhamdu lillahi, ajali ne, ta koma kan tabarmarta.

Ban san yadda zan kwatanta makonnin da suka biyo baya ba. Gari yana ta biki, kowace yamma ana busa ƙaho a titinmu, ni kuwa daga sallar asuba har azahar ina kan tebur da fensir. Na ƙiyasta nauyinsa da na keken, na ƙiyasta tsayin tudun, na zana dutsen da tayar baya za ta daka, na lissafa yadda sandararren keke zai harba mahayi ta gaba, na sake lissafawa da shokazoba a buɗe. Wani lokaci takarda ta ce ko a buɗe zai faɗi. Wani lokaci ta ce da ya wuce lafiya. Abin da na canja kaɗan sai amsar ta juya. Ilmin da na yi taƙama da shi duk rayuwata ya ƙi ya wanke ni, ya kuma ƙi ya kama ni in huta. Na daina cin abincin kirki. Ranar Juma'a nakan samu kaina tsaye a bayan ƙofa ina jira.

Daga ƙarshe na nemi Bitrus, muka zauna a wani shagon shayi a Souq Waqif, na ce ya ba ni labarin ranar daki-daki, kada ya tsallake komai. Ya ce sun isa da sassafe, sun hau tudu biyu lafiya. Ya ce a gindin kowane tudu Injiniya yakan sunkuya ya murɗa makullin ya ce da ƙarfi, “Malama ta ce a kulle,” su duka su yi dariya, har maganar ta zama abin tsokana a tsakaninsu, in Bitrus ya yi jinkirin rufe mota ma sai a ce masa Malama ta ce a kulle. A saman tudu na uku suka tarar da wasu baƙi 'yan kallon ƙwallo sun fito yawon buɗe ido, suka roƙi a ɗauke su hoto. Bitrus ya ce khalas, ya isa haka, shi ya gaji, ya riga ya gangara. Nuhu ya tsaya, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har yana gyara musu tsayuwa don rana kada ta ɓata hoton. Bitrus yana ƙasa ya ga Nuhu ya ɗaga musu hannu, ya hau, ya taho. A tsakiyar gangarar bayan keken ya tashi sama.

Bitrus ya juya kofinsa ya ce shi ma tunanin makullin ya dame shi, don a ruɗewar ranar bai duba ba. “Amma washegarin sadakar uku na koma gidan na duba, Mama. A buɗe yake. Sai a ranar hankalina ya kwanta.” Na dube shi, mutumin kirki, yana zaune a kan kwanciyar hankalin da na ƙera masa da yatsana. Na biya shayin na tashi.

Rakiya tana takaba, kuma da ta fita za ta koma gida da 'ya'yanta uku, domin zamansu a nan a kan aikinsa yake. Na san in ta tafi ban faɗa ba, ba zan taɓa faɗa ba. Ranar Asabar da ta wuce na hau tasi zuwa Al Wakrah. Na same ta tana naɗe rigunansa tana jerawa a kwali. Ta shimfiɗa mini darduma a kan kujera, na ƙi, na zauna a ƙasa a gabanta, har ta firgita ta ce, Mama, lafiya? Na faɗa mata komai, tun daga zanen da na tura masa da ƙafa, da gargaɗin da ya yi mini na ƙi ji, har zuwa abin da na yi a lungun gidanta. Ban rage ba, ban kuma ce wataƙila ba, ko da yake wataƙila ce gaskiyar lissafin.

Ta ɗauki wata riga ta naɗe, ta warware, ta sake naɗewa. Sannan ta ce ta san da maganar makullin, domin yakan dawo gida yana ba ta labari yana dariya, kuma ta taɓa ce masa in yana tsoro ya daina mana, ai Malama ba ta bin shi daji. Ya ce mata in ya daina, ranar da aka tambaye shi zai zama dole ya yi ƙarya ko ya yi musu, kuma ba ya iya ko ɗaya da malamarsa. Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

“Mama, buɗewar da kika yi a ɓoye, ni kika yi wa, kuma na yafe. Ranar kuma Allah ne ya rubuta, ba ke ba. Amma kullewar, tsakaninki da shi ne. Ba ni da ikon yafe abin da ba nawa ba.”

Na ce ta yi gaskiya. Ban taɓa jin hukunci mai adalci irinsa ba, kuma ban taɓa jin mai nauyinsa ba. A wurin jana'iza ana tambayar jama'a su yafe wa mamaci, kowa ya ce ya yafe. Ba wanda ya tanadi hanyar da mai rai zai bi in shi ne ke neman yafiya a wurin wanda aka rufe. Na san abin da zai ce da yana nan. Zai rusuna ya ce babu komai, Malama. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin ko da akwai komai, haka zai ce.

Na kira Bitrus a ranar na gaya masa shi ma. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri duka. Rakiya ta ce ba za ta tafi da keken ba kuma ba za ta sayar ba, in ina so in ɗauka. Yana falona yanzu, jingine a ƙarƙashin tagar da nake hango shi.

Saura abu ɗaya da ya rage a hannuna in yi, kuma don shi na roƙi a buga wannan rubutu inda abokan hawansa za su gani. A shekara arba'in ban taɓa canja makin da na bayar ba. Yau na canja. Tambayar da muka yi ta ja a kanta ita ce ko keke mai dogon shokazoba ya dace da hawan yau da kullum, ni na ce bai dace ba, shi ya ce ya dace. Lissafina daidai ne: ya fi nauyi, yana cin ƙarfi, mai shi zai riƙa isa sama a bayan kowa. Amma amsar Nuhu ce daidai, domin na auna keken ban auna mutumin da ke kansa ba, mai gajiya, mai mantuwa, mai tsayawa ya ɗauki baƙi hoto. Wanda ya san halinsa irin na Nuhu ne, ya bar makullin nan a buɗe, ya hau a hankali, ya iso a makare, iyalinsa za su jira shi. Malamai 'yan uwana kuma, musamman mu da muka tsufa ana rusuna mana, in ɗalibinku ya ce muku to alhali ya fi ku sanin abin, ku tsayar da shi, ku sa shi ya yi muku musu.

Ya Allah, ga bawanka Nuhu ya zo maka. Ka san abin da ya rataya a ƙofofin mutane bai jira godiya ba, ka san waɗanda ya shayar a cikin zafi, ka san waɗanda ya ba wurin kwana. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ta zama makomarsa. Ka ba Rakiya haƙuri da lada, ka kai ta gida lafiya, ka raya mata 'ya'yanta a kan halin ubansu, ka zama gatansu inda babu shi. Ka sanyaya zuciyar Bitrus da ta duk wanda ya yi kukan wannan rashi. Ni kuma, ya Ubangiji, tsohuwar da ba ta saba roƙon kowa ba sai kai, in akwai haƙƙinsa a wuyana, ka haɗa ni da shi ranar da malami da ɗalibi za su tsaya a sahu ɗaya, ka ba shi bakin da zai faɗa mini gaskiya, sannan ka sa ya yafe. Amin.